Zauren Masu Karatu: An Sace Bayanaina a Ingila, In Sa Hannu a Takardar Lauyoyi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri kai da iyali. Ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce a Bradford, shekarata 4 a Ingila. A watan azumin da ya wuce kamfanin da na fara yi wa aiki ya aiko mini da wasiƙa cewa masu kutse sun shiga kwamfutocinsu sun kwashi bayanan ma'aikata, na yanzu da na da. Cikin abin da aka ɗauka har da hoton fasfona, da lambar asusuna na banki, da lambar inshorar ƙasa, da adireshin gidana. Sun ba da haƙuri, suka ce za su biya wani kamfani ya riƙa sa ido a kan sunana har shekara ɗaya. Bayan wata biyu sai ga takarda wai na karɓi sabuwar waya bashi, alhali ko kantin ban taɓa shiga ba. Da ƙyar aka soke. Tun daga nan barcina ya lalace, ko ƙarar saƙo na ji sai gabana ya faɗi.

Ana cikin haka na ga tallar wasu lauyoyi a Facebook, wai mutum zai iya samun diyya har fam 5,000, kuma in ba a yi nasara ba, ba biya. Na cike sunana. Yanzu sun turo mini yarjejeniya shafi 19, kullum sai sun kira in sa hannu ta waya. Na ga an rubuta za su cire kashi 35 cikin 100, da wani abu wai shi ATE da ban gane ba. Maigidana ya ce in sa hannu kawai, ai ko an faɗi ba abin da za mu rasa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah Malam, da gaske ne ba abin da zan biya?

'Yar'uwarku a Bradford

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar miki da barcinki. Ki gaida maigida, ki ce na ce wannan karon zuciyarki ta fi shi hangen nesa. Amma ban ga laifinsa ba. A gida mun saba in mutum ya faɗi a kotu, abin da alƙali kan ce ya biya abokin shari'arsa bai taka kara ya karya ba, sai ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Ingila ba haka take ba.

Ni dai ba lauyan da ke tsayawa gaban alƙali ba ne. Shekara 11 ke nan aikina lissafin kuɗin shari'a: in an gama ƙara a turo mini fayil, in bi shi shafi-shafi, in fitar da abin da wanda ya faɗi zai biya. Wato takardar da ba a nunawa a tallar Facebook, ni da irina muke rubuta ta.

Da farko, kina da haƙƙi, kada wani ya ce miki ba ki da shi. Sashe na 82 na dokar kare bayanai ta Birtaniya, tare da dokar 2018 da ke tafiya da ita, sun ba wanda aka yi sakaci da bayanansa damar neman diyya, ba don asarar kuɗi kaɗai ba, har don damuwa da tashin hankali. Tun 2015, a shari'ar Vidal-Hall da kamfanin Google, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa damuwa ita kaɗai ta isa a nemi diyya a kanta. Sai dai fa sace bayanai shi kaɗai bai sa kamfani ya zama mai laifi ba. Sai an nuna bai yi tanadin tsaron da ya kamata ba, sannan a nuna cutar da ta same ki daga nan ta fito. A kan waɗannan biyun ake kashe kuɗi.

Yanzu ga maganar "in ba nasara, ba biya". Gaskiya ce, amma rabinta. Alƙawari ne tsakaninki da lauyanki, a kan ladan aikinsa shi kaɗai. Lauyoyin kamfanin da za ki kai ƙara ba su sa hannu a wannan takarda ba, ba su ma san da ita ba. Ƙa'idar kotunan Ingila da Wales kuwa, wadda ke sashe na 44 na dokokin gudanar da shari'a, ita ce wanda ya faɗi shi zai ɗauki kuɗin wanda ya yi nasara. Sunan da ke kan takardar ƙara naki ne, ba na lauyan da ya yi talla ba. In alƙali ya ce a biya, ke ya ce wa.

Bari in nuna miki yadda kuɗin ke taruwa, don mutane sukan ɗauka ƙarar fam 3,000 kuɗin shari'arta ba zai wuce ɗaruruwa ba. Lauyoyin nan awa suke sayarwa, kuma sun yanka awar gida goma, kowane yanki minti 6. A jadawalin da kotu ta fitar na 2024, gogaggen lauya a wajen Landan awarsa ta haura fam 270, a manyan shari'o'in kasuwanci na tsakiyar Landan kuwa fam 546. To wasiƙa mai layi uku, "mun samu taku, za mu amsa", yanki ɗaya ce, kusan fam 27 ke nan. Kiran waya na minti biyu, yanki ɗaya. Nakan buɗe fayil in ƙirga irin waɗannan wasiƙu sama da ɗari kafin a ma je gaban alƙali. Ki ƙara kuɗin baristan da zai yi magana a kotu, da na ƙwararren kwamfuta da zai zo ya ce tsaronsu ba laifi, sannan harajin VAT kashi 20 a bisa. Tun ina mamaki har na daina.

Ba labarin kanzon kurege nake ba ki ba, hukunce-hukuncen suna nan a rubuce. A 2021 an yi shari'ar Johnson da Eastlight, wata ƙungiyar gidajen haya. Sun tura wa wani ɗan haya takarda mai dubban shafuka bisa kuskure, a ciki akwai suna da adireshin matar da ta yi ƙara. Diyyar da ta nema ba ta wuce fam 3,000 ba, amma lauyoyinta sun riga sun ci fam 15,000 na aiki, kuma sun ƙiyasta shari'ar za ta lashe sama da fam 50,000. Wannan na ɓangarenta kaɗai ke nan. Alƙali ya yi tir da abin, ya kori ƙarar daga Babbar Kotu zuwa ɓangaren ƙananan ƙararraki.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Rolfe, ita ma a 2021. Wani ofishin lauyoyi ya tura wasiƙar neman kuɗin makaranta ta imel, aka yi kuskuren harafi ɗaya a adireshin, ta faɗa hannun wata baƙuwa. Matar ta sanar da su, ta ce ta goge. Iyalin da wasiƙar ta shafa suka kai ƙara cewa abin ya hana su barci. Alƙali ta yi watsi da ƙarar tun kafin a kai ga sauraron shaidu, ta ce su biya kuɗin ɗaya ɓangaren a ma'auni mafi tsanani, kuma su fara ajiye fam 11,000 kafin a gama lissafi. An je neman ƙiba an samo rama.

Don adalci in faɗa miki cewa iska ta ɗan juya. A 2025, a shari'ar Farley, inda aka aika takardun fansho na ɗaruruwan 'yan sandan Sussex zuwa tsofaffin adireshi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba wani ma'aunin tsanani da sai cuta ta kai kafin a saurari mutum, kuma fargabar a yi amfani da bayanansa tana iya zama abin diyya, muddin fargabar tana da tushe, ba zullumi kawai ba. Wannan ya buɗe ƙofar shiga. Bai ƙara yawan abin da ake samu a ciki ba, kuma bai taɓa ƙa'idar wanda ya faɗi ya biya ba.

To nawa ake samu? A shari'ar TLT ta 2016, inda ma'aikatar cikin gida ta wallafa bayanan masu neman mafaka a intanet, mutanen da wasunsu ke tsoron a cutar da su ko danginsu, diyyar ta kama daga fam 2,500 zuwa 12,500. A 2022, a shari'ar Driver da hukumar gabatar da ƙararraki, mutumin ya yi nasara a Babbar Kotu aka ba shi fam 250. Ɗari biyu da hamsin, ban manta sifili ba. Kalmar "har" da ke gaban fam 5,000 a tallar nan ita ce ke ɗauke da dukan nauyin jimlar.

Mu zo kan ATE da kika tambaya. Inshora ce da ake saya bayan abu ya riga ya faru, don in kin faɗi ta biya kuɗin lauyoyin ɗaya ɓangaren a madadinki. Ita ce garkuwar, kuma in tana da kyau tana aiki. Matsalar ita ce wa zai biya kuɗin sayenta. Tun Afrilun 2013 doka ta hana a ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin wannan inshora da tukuicin nasarar lauya a yawancin ƙararraki. An bar ƙofa ɗaya a ƙararrakin ɓata suna da tona sirri, inda har yanzu ake iya karɓo kuɗin inshorar daga wanda ya faɗi. Shi ya sa lauyoyi suka riƙa lulluɓe ƙarar kutse da rigar tona sirri. Sai shari'ar Warren da DSG, masu kantunan Currys, ta zo a 2021. Mutumin yana neman fam 5,000 bayan masu kutse sun shiga na'urorin biyan kuɗi na kantunan. Alƙali ya ce kamfanin da aka yi wa sata ba shi ne ya tona sirrin ba, ɓarayi ne, ya soke wannan ɓangare na ƙarar. Tun daga ranar, a irin ƙararki ta kutse daga waje, kuɗin inshorar daga cikin diyyarki zai fita.

Ga misali da alƙaluman da na ƙago don lissafi kawai. A ce an sasanta a kan fam 1,500. Kashi 35 fam 525 ne. In ba a haɗa VAT a ciki ba, ki ƙara fam 105. A ce inshorar fam 300 ce. Abin da zai shigo asusunki fam 570 ke nan, bayan shekara ɗaya ko biyu. Kin yi nasara fa ke nan. Kuma wannan iyakar ta kashi 25 a kan abin da lauya zai cire, da za ki ji ana faɗa, ta ƙararrakin rauni ce, irin haɗarin mota. Ba ta rufe ki kai tsaye ba. Haka ma kariyar da doka ta ba masu ƙarar rauni, wadda ke hana a bi su kuɗin shari'a in sun faɗi.

Inshorar kanta tana da ramuka. Tana da iyakar abin da za ta biya, in kuɗin ɗaya ɓangaren ya wuce nan, ragowar naki ne. Tana iya janyewa in lauyanki ya ce ƙarar ta yi rauni kika ce sai an ci gaba, ko in kin ƙi tayin da ya ce ki karɓa, ko in aka ga kin ƙara gishiri a labarinki. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau. Za su tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa don rahoto, kuma za a nemi fayil ɗinki na asibiti. In kin ce ba ki taɓa rashin barci ba sai bayan wasiƙar nan, alhali shekara biyu da suka wuce kin je wurin likita kan aikin dare ya hana ki barci, lauyan kamfani zai karanto miki shi a gaban alƙali da kwanan wata. Ki faɗi abin da ya faru, ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma ranar da ofishin lauyoyin kansa zai rufe. A Janairun 2024 wani babban ofishi a Sheffield mai suna SSB Law ya durƙushe. Ƙararrakinsa ba na bayanai ba ne, na aikin toshe bangon gidaje don hana sanyi ne, amma tsarin ɗaya ne, in ba nasara ba biya. Mutane da yawa da aka tabbatar wa ba za su biya ko kwabo ba suka wayi gari ana bin su dubban fam na kuɗin ɗaya ɓangaren, saboda inshorar da aka ce tana nan ba ta biya ba.

Abin da ya fi kama mutanenmu, a iya abin da na gani, ba faɗuwa a kotu ba ne. Ficewa ce a tsakiya. Wata Juma'a bayan an sallame wani bawan Allah ya ja ni gefe wajen ajiye takalma, ya zaro ambulan da ya naɗe gida huɗu daga aljihun jamfarsa. Ya sa hannu a irin takardarki, sannan mahaifiyarsa ta rasu ya tafi gida, ya yi wata uku, layinsa na Ingila a kashe. Lauyoyin suka yi ta aiko da saƙo ba amsa, suka rufe fayil ɗin da hujjar bai ba su haɗin kai ba, suka aiko masa da lissafin awannin da suka yi, fam dubu biyu da 'yan kai. Yana ta maimaita mini, "Malam, ai ba a faɗi ba, ba a ma je kotun ba." Na buɗe yarjejeniyar a wayarsa, muka gangara har shafi na goma sha wani abu, ga shi nan ɓaro-ɓaro: in ka janye ko ka daina amsawa, za ka biya aikin da aka yi. Mun samu an rage bayan rubuce-rubuce, amma sai da ya biya wani abu. Ki nemi wannan sakin layi a shafukanki 19, ina da yaƙinin yana nan. In kuwa an riga an shigar da ƙara a kotu sannan kika janye, ƙa'ida ita ce ki ɗauki kuɗin da ɗaya ɓangaren ya kashe zuwa ranar.

Saura tarko ɗaya, wanda mutum zai ci shari'a kuma ya fito da bashi. Ana kiransa tayin sashe na 36. Kamfani zai rubuto ya ce ga kaza mu rabu lafiya, kina da kwana 21. In kin ƙi, aka je gaban alƙali, ya ba ki abin da bai fi tayin ba, to kuɗin lauyoyinsu tun daga ƙarewar kwanakin nan a wuyanki yake. Haka ya faru da wata tsohuwar 'yar sanda a shari'ar Brown, wadda ta kai rundunonin 'yan sanda biyu ƙara kan binciko bayanan tafiyarta ba bisa ƙa'ida ba. An yi mata tayin fam 18,000 ta ƙi. Kotu ta ba ta gaskiya, ta ba ta fam 9,000. Ta nemi fakewa da kariyar masu ƙarar rauni tunda ta ce abin ya taɓa lafiyarta, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2019 ta ce ƙarar da aka gauraya ba ta samun wannan kariya kai tsaye. Da gaskiyarta a hannu ta koma ana bin ta kuɗi. Lauyoyin kamfanoni sun san wannan makami sarai, kuma da wuri suke zare shi.

Watakila su ce miki ai ƙarar taro ce, ku da yawa ne. Taro yana rage wa kowa nauyi, gaskiya ne, amma in an faɗi kowa yana da kasonsa a kuɗin, sai in inshora ko mai zuba jari ya ɗauke. Ma'aikatan kantunan Morrisons sama da 5,000 sun yi nasara a kotuna biyu, bayan wani ma'aikaci mai jin haushi ya watsa bayanan albashin kusan mutum 100,000, sai Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a 2020. A 2021 kotun ta sake rufe ƙofa a shari'ar Lloyd da Google, wadda aka shigar a madadin masu iPhone sama da miliyan 4. Na British Airways an sasanta a 2021, amma a asirce. Tarar fam miliyan 20 da hukumar kare bayanai ta ICO ta ci kamfanin kuwa baitulmalin gwamnati ta tafi, fasinja ko ɗaya bai ga sisinta ba. Nakan faɗi wannan saboda mutane suna jin miliyoyi a labarai sai su ɗauka rabawa za a yi.

To ke me ya kamata ki yi? Ra'ayina nake faɗa, ban ga takardun ba. Ƙararki ta fi ta Rolfe ƙarfi nesa ba kusa ba. Fasfo da asusun banki ba wasiƙar kuɗin makaranta ba ne, kuma an riga an yi amfani da sunanki an ɗauki waya. Saboda haka ban ce ki haƙura ba. Cewa na yi kada ki sa hannu yau, kuma kada kiran da suke yi kullum ya ɗaga miki hankali. A Ingila wa'adin shigar da irin wannan ƙara shekara 6 ne. Gaggawar tasu ce, ba taki ba.

Ki fara da abin da ba ya cin ko fam ɗaya. Ki rubuta wa tsohon kamfanin naki da kanki, ki nemi su faɗa miki takamaiman abin da aka ɗauka naki da yadda aka yi, doka ta ba su wata ɗaya su amsa buƙatar ganin bayananki, kuma kyauta ne. Ki haɗa takardar wayar nan, da wasiƙar soke ta, da ranakun da kika rasa aiki kina zirga-zirga, da duk wani rasit. In kin yi rajistar kariya da Cifas, wadda ke sa bankuna da kamfanonin waya su tsananta bincike kafin su ba da bashi da sunanki, ki ajiye rasit ɗin, asara ce da za ki iya nema. In rashin barcin ya ci gaba ki je wurin likitanki, don lafiyarki da farko, kuma abin ya shiga fayil da kwanan watansa. In amsarsu ba ta gamsar da ke ba ki kai kuka ICO. Ba ta da ikon ba ki diyya, amma in ta rubuta cewa kamfanin ya gaza, wannan takarda tana da nauyi a teburin sulhu. Kamfanoni da yawa suna da inshorar irin wannan, kuma sun fi son su biya kaɗan su rufe fayil.

Ki duba kuma ko kina da lauya a aljihu ba ki sani ba. Masu aikin kula da tsofaffi da yawa suna cikin ƙungiyar ƙwadago irin Unison, ki tambaye su wane taimakon shari'a suke bayarwa. Inshorar kayan gida ko ta mota wani lokaci tana zuwa da kariyar kuɗin shari'a a maƙale. Ofishin ba da shawara na Citizens Advice ma kyauta ne.

In sulhu ya ƙi, ga ɓangaren ƙananan ƙararraki na kotun gunduma, na abin da bai wuce fam 10,000 ba, inda alƙalai ke ta tura irin waɗannan ƙararraki. Kuɗin shigarwa fam 115 ne in abin da kike nema yana tsakanin 1,500 da 3,000, fam 205 in ya kai har 5,000, sai kuɗin zaman sauraro daga baya, kuma mai ƙaramin albashi yana iya neman rangwame. Daɗin wurin shi ne ko kin faɗi ba a ɗora miki kuɗin lauyoyin kamfani, sai 'yan ƙananan abubuwa kamar kuɗin motar shaidu, sai fa in alƙali ya ga kin yi rashin hankali a tafiyar da ƙarar. Tayin sashe na 36 ma ba ya aiki a can. Rashin daɗinsa, in kin yi nasara ba za a biya miki lauya ba, shi ya sa masu talla ba sa son wurin. Ki lura da abu ɗaya: alƙali ne ke zaɓar ɓangaren da ƙara za ta zauna, in ya ga tana da sarƙaƙiya yana iya ɗaga ta sama. Tun Oktoban 2023 an ƙayyade kuɗin da ake iya ɗora wa wanda ya faɗi a yawancin ƙararrakin da ba su wuce fam 100,000 ba, wannan ya rage haɗarin, amma ƙayyadadden ma dubbai ne.

In kuma bayan duk wannan kin fi son lauya ya riƙe miki, ba aibi ba ne, akwai na kirki a cikinsu. Ki duba sunan ofishin a rajistar SRA, hukumar da ke sa ido a kan lauyoyi, don wasu masu tallar dillalai ne kawai da ke sayar da sunanki ga wani ofishi. Sannan ki tura musu imel, ba waya ba, ki ce su amsa a rubuce: in na faɗi, wa zai biya lauyoyin kamfanin, kuma har nawa? Nawa ne kuɗin inshorar, yaushe ake biya, kuma a wane hali take janyewa? Kashi 35 ɗin nan da VAT ne ko ban da shi, kuma shi ne iyakar abin da za a cire? Kuɗin kotu da na rahoton likita wa zai ɗauka in an faɗi? In na janye, ko aka mai da ƙarar ƙananan ƙararraki, me zan biya? Ki nemi kwafin takardar inshorar kanta, ba taƙaitawarsu ba. Wanda ya amsa waɗannan dalla-dalla ana iya zama da shi. Wanda ya ce "kada ki damu, ba a taɓa yi ba", ki ce ya rubuta hakan ya sa hannu, ki ga ko zai yi.

In har kin riga kin danna wani abu a wayar kafin wannan amsa ta fito, yarjejeniyar da aka ƙulla daga nesa tana da kwana 14 na sokewa. Ki ƙirga daga ranar da kika danna, ki aika musu imel ɗin sokewa tun kwanakin ba su cika ba, ki ajiye kwafi. In kin ba su izinin fara aiki nan take suna iya neman kuɗin 'yan kwanakin, amma gara wannan da na shekara. Ku zauna da maigida da daddare ku karanta shafukan nan 19 tare, da biro a hannu, ku ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce ke za ki biya wani abu. In kin ƙirga layukan ki sake rubuto mini.